Ƙananan jiragen yaran Agege da tambayar da Najeriya ta daɗe ba ta yi ba

Akwai wata al'ada da ta zama jiki a ofisoshin gwamnati, a Abuja da manyan biranen jihohi. Duk lokacin da hoton wani matashi ya karaɗe Facebook ko TikTok yana riƙe da jirgin yaƙin da ya haɗa da gwangwani da kwali, sai a aika a kira shi, a ɗauki hoto da shi a gaban tuta, a miƙa masa ambulan, a yi alƙawarin ɗaukar nauyin karatunsa. Bayan mako biyu ƙura ta lafa, fayil ya shige ƙarƙashin wasu fayiloli, yaro ya koma inda ya fito. Babu wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗora fiffike a saman gangar jirgin maimakon ƙasanta, babu kuma wanda ya ɗauki rula ya auna tsawon jirgin da faɗinsa. An yaba wa hannu, an manta da kan da ya tsara abin da hannun ya yi. Wannan sakaci ƙarami ne a ido, amma jininsa ɗaya da babban sakacin da ya sa ƙasar da ta kafa Rundunar Sojan Sama tun 1964 har yau take sayo jirgin koyon tuƙi daga ƙasashe masu tasowa irinta.

Unguwannin Hausawa na Legas, musamman Agege, wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan lamari. Fatauci ne ya kai Hausawa can: goro ya yi arewa, shanu su yi kudu, layin dogon da ya isa Kano a 1911 kuma ya taimaka wajen mayar da zangon fatake gari mai sarkinsa da masallatansa da makarantun allonsa. A yau akwai iyalai a Zangon Agege da suka haifi 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne a can. Abin da ya bambanta yaron Agege da takwaransa na Daura ko Gumel shi ne maƙwabtaka da filin jirgin saman Murtala Muhammed na Ikeja, wanda sansanin sojan sama na Sam Ethnan yake jingine da shi. Jiragen da ke sauka ta ɓangaren arewa ta saman rufin unguwar suke wucewa, ƙasa-ƙasa, tayoyi a sauke. Abin da wasu yara ke gani a littafi ko a waya, yaron Agege da idonsa yake ganinsa safe da yamma, kuma gani ya kori ji.

Sanin kowa ne cewa yaron Bahaushe bai saba jiran a sayo masa abin wasa ba. A karkara da kara yake ƙera mota, ya ɓare bayan karan ya soka a tsakiyarsa mai taushi har ta tashi da ƙofofi da fitilu. A birni langa-langa da waya da gwangwanin madara suka maye gurbin kara, tsohon silifas ya zama taya. A gari irin Legas, inda 'yan gwangwan da 'yan bola-jari ke tara tarkace kullum, kayan aikin sun ƙaru: kwali mai kauri, robar jarka, soson da ake naɗe firji da talabijin, da ƙananan injinan da ake cirowa daga matattun na'urori. Yaron da ya tashi ƙarƙashin inuwar jirage, kuma yake da waɗannan kaya a hannu, ba abin mamaki ba ne motarsa ta tsiro da fukafukai. Baiwar tana nan, kayan suna nan. Abin da ya rage shi ne ma'auni da malami.

A wasu sassan duniya wannan wasa ya daɗe da zama fanni mai ƙa'idojinsa. Tun 1936 kamfanin FROG na Ingila ya fara sayar da ƙananan jirage na roba a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa, a 1953 kuma kamfanin Airfix ya fito da nasa samfurin jirgin Spitfire. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne 1:72, ma'ana inci ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar inci 72, wato ƙafa shida, a jikin jirgin gaske. Mai haɗawa yana yanke gaɓoɓin daga jikin firam, ya goge bakinsu, ya manna da gam, ya cike tsaga, ya yi fenti, ya liƙa tambura. Aiki ne na haƙuri da ke cin kwanaki ko makonni, kuma kuskuren milimita ɗaya yana fitowa fili ga idon wanda ya sani.

A nan ne wasa ke rikiɗewa ya zama karatu. Jirgin Alpha Jet, wanda sojan saman Najeriya ke amfani da shi tun farkon shekarun 1980, tsawonsa ya ɗan haura mita 13, faɗin fukafukansa kuma ya ɗan haura mita 9. A ma'aunin 1:72 tsawon zai dawo kimanin santimita 18, fukafukan kimanin santimita 12 da rabi. Yaron da aka ce ya fitar da waɗannan alƙaluma da kansa, ya zana jirgin ta sama da ta gefe da ta gaba kafin ya taɓa almakashi, ya riga ya yi rabawa da kaso da zanen injiniya ba tare da an kira su da sunayensu masu ban tsoro ba. Idan kuma aka ce ya ninka girman samfurin sau biyu, zai gano da hannunsa cewa girman shimfiɗar fiffike ya ninku sau huɗu, nauyi kuwa, in da kaya iri ɗaya aka yi, ya ninku sau takwas. Wannan ƙa'ida ce ta bayyana dalilin da ya sa ƙaramin jirgin kwali ke shawagi, babban ƙanensa na ƙarfe da aka yi da ido kawai ya ƙi barin ƙasa.

Daga cikin masu wannan fanni akwai wani rukuni da ba ya tsayawa ga kwaikwayon abin da ke akwai. Su tambayarsu ita ce: da an yi kaza, da yaya jirgin zai kasance? Sukan ɗauki gangar wannan jirgi su haɗa da fukafukan wancan, su mayar da inji ɗaya biyu, ko su ƙera jirgin da aka zana a takarda amma siyasa ko rashin kuɗi suka kashe shi. Birtaniya ta soke jirginta TSR-2 a Afrilun 1965, 'yan watanni bayan tashinsa na farko. Kanada ta soke Avro Arrow a Fabrairun 1959, wasu daga cikin injiniyoyinsa suka tsallaka Amurka suka shiga aikin hukumar NASA. Afirka ma tana da nata: Masar a zamanin Jamal Abdul Nasir ta ƙera jirgin yaƙi Helwan HA-300 bisa tsarin Bajamushe Willy Messerschmitt, ya tashi a 1964, aka dakatar da aikin a 1969, samfurinsa na farko kuma yana ajiye yau a gidan tarihi kusa da birnin Munich. Waɗannan jirage sun mutu a masana'anta, amma suna raye a teburan masu ƙera samfura, cikin fentin rundunonin da ba su taɓa mallakarsu ba.

Wani lokaci hasashen yakan riga gaskiya fitowa kasuwa. A 1986, lokacin da raɗe-raɗi suka cika Amurka cewa akwai wani jirgi na sirri da na'urar hango jirage ba ta iya gani, kamfanin Testors ya fitar da samfurin roba mai suna F-19, wanda mai zanensa ya tsara bisa abin da ya fahimta daga bayanan da kowa ke iya samu. Samfurin ya yi kasuwa ƙwarai, har maganarsa ta kai zauren majalisar dokokin ƙasar, inda aka nuna damuwar ko sirri ya fita. Da aka bayyana jirgin gaske, F-117, a Nuwamban 1988, sai aka ga jikinsa duk kusurwoyi ne, na Testors kuwa sumul yake mai lanƙwasa. Hasashen bai dace ba, amma dubban yaran da suka haɗa shi sun fara tambayar yadda siffar jiki ke karkatar da igiyar na'urar hange, tambayar da babu darasin aji da ya taɓa sa musu ita a rai.

Wannan shi ne dalilin da ya sa jirgin da yaro ya ƙaga da kansa ya fi wanda ya kwafa daraja a wajen ƙasar da ke son ta ƙera nata. Mai kwafa tambaya ɗaya gare shi: ya yi kama ko bai yi ba? Mai sauya tsari kuwa dole ya san aikin kowace gaɓa kafin ya taɓa ta. In ya ja fiffike baya, cibiyar nauyi ta bar wurinta, hanci ya nutse. In ya ƙara inji, dole ya nemi inda zai zuba ƙarin mai. In ya rage wutsiya don kyan gani, jirgi ya rasa abin da ke daidaita shi a iska. Kowane sauyi yana da farashi, kuma sanin farashin shi ne aikin injiniya. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da ƙaramin abin wasa mai tashi da mahaifinsu ya kawo musu a 1878 sha'awarsu ta fara, kuma a 1901, shekaru biyu kafin tashinsu na tarihi, sun gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a cikin akwatin iska da suka haɗa a shagonsu na kekuna. Har yau akan fara ƙera ƙaramin jirgi a gwada shi kafin a ƙera babban.

Najeriya kuwa tana da tambayoyinta da babu masana'antar Turai da za ta yi mata su da zuciya ɗaya. Wane irin jirgi ne ya dace da ƙurar hunturu da zafin Maiduguri a watan Afrilu? Wanne ne zai sauka a gajeren fili maras kwalta, ya daɗe yana shawagi a saman dajin Sambisa ko Kamuku ba tare da ya ƙone kasafin wata guda ba? Yaron da ya ɗora mashigar iskar injin a saman ganga don kada ta zuƙi tsakuwa ya isa, da hankalinsa, ga matsalar da injiniyoyin Rasha suka warware a jirgin MiG-29 ta hanyar ƙofofin da ke rufe mashigar ƙasa yayin gudu a fili, na Amurka kuma suka warware a A-10 ta hanyar ɗaga injinan sama. Irin wannan yaro ya cancanci a zaunar da shi a yi masa tambayoyi, a gyara masa inda ya kauce.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da ke faruwa idan aka iya haɗawa ba a koyi sauyawa ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙaddamar da jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle a Kaduna, wanda kamfanin AIEP ya haɗa wa sojan sama, har guda 60. Asalinsa jirgin RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft na Amurka, wanda ake sayarwa a wargaje domin mai saye ya haɗa da kansa. A taƙaice, babban ɗan'uwan samfurin roba ne na cikin kwali. An yi masa gyare-gyare don ya dace da nan, an horar da matuƙa da shi na tsawon shekaru, ma'aikatan Najeriya kuma sun ƙware wajen haɗa shi. Amma da ya tsufa bai bar magaji ba. Babu Air Beetle na biyu mai ƙarfin inji, babu na uku mai sabon fiffike.

Wanda ya gaje shi daga Pakistan ya zo. A 2016 Najeriya ta ƙulla cinikin jiragen Super Mushshak guda 10. Abin lura shi ne, shi ma Mushshak a cikin akwati ya fara isa Pakistan: jirgin MFI-17 ne na kamfanin Saab na Suwidin, wanda Pakistan ta fara haɗawa daga gaɓoɓin da aka aiko mata a shekarun 1970. Daga haɗawa ta koma ƙera gaɓoɓin a masana'antarta ta Kamra, daga nan ta sa masa inji mafi ƙarfi da sababbin na'urori, ta ƙara masa suna, ta shiga kasuwa da shi. Ƙasashe biyu sun buɗe akwati iri ɗaya. Ɗaya ta bi takardar umarni har shafin ƙarshe ta rufe, ɗayar ta tambayi kanta abin da zai faru in an canja wani abu. Daga wannan masana'anta ta Kamra ne kuma jiragen JF-17 guda uku da Najeriya ta karɓa a 2021 suka fito.

Labarin Brazil ma haka yake. Kamfanin ƙera kayan yaƙi na DICON da ke Kaduna an kafa shi a 1964, ya girmi kamfanin Embraer da shekaru biyar. Sai dai Brazil ta fara da makaranta kafin masana'anta: ta kafa cibiyar koyar da injiniyancin jirage ta ITA a 1950, ta yi kusan shekaru ashirin tana yaye masu zane, sannan ta kafa Embraer a 1969. Jiragen A-29 Super Tucano guda 12 da suka iso Najeriya a 2021, a cinikin da ya kai kusan dala miliyan 500, tsarin Embraer ne, ko da yake a Amurka aka haɗa su. Kayan aro ba ya rufe katara, kayan saye ma yakan zo da sharuɗɗan mai sayarwa, da jiran kayan gyara, da canjin kuɗin waje. Jiragen Jaguar 18 da aka sayo daga Birtaniya a shekarun 1980, waɗanda ba su yi shekaru goma cikakku suna aiki ba aka jingine su, sun isa darasi.

Adalci ne a faɗi cewa ba a zauna haka kawai ba. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, da ke Kaduna ta horar da injiniyoyi, an ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a Disamban 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018, an kuma sa hannu kan sabuwar dokar DICON a 2023. Sai dai duk waɗannan rassa ne na sama. Itacen da ake so ya yi 'ya'ya kowace shekara yana buƙatar saiwa mai yawa a ƙasa, kuma saiwar ita ce dubban yara masu shekaru 12 zuwa 17 da suka saba da zane da awo da gwaji da faɗuwa da sake gwaji. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda da tarkacen ƙarafa. Jaridun duniya sun ɗauka, mutane sun yi ta mamaki. Ƙasar da ke da tsari ba ta dogara ga mamaki, domin tana da hanyar gano irinsa ɗari kowace shekara tun suna ƙananan sakandare.

Akwai gwamnatin da ta taɓa ɗaukar wannan wasa da muhimmancin da ya dace. A 1942, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwanta da ofishin ilimi na ƙasar suka nemi ɗaliban sakandare su ƙera ƙananan jirage 500,000 na katako a ma'aunin 1:72, domin koya wa sojoji da masu sa ido bambance jirgin gida da na maƙiyi. An raba wa makarantu zane, an gindaya ƙa'ida, duk samfurin da bai cika awo ba aka ƙi karɓarsa, wanda ya cika kuma aka ba maƙerinsa takardar shaida. Ƙimar shirin tana cikin wannan ƙin karɓa. Yabo maras awo yana kumbura kai, awo kuwa yana gina gwani.

Za a sami masu cewa ƙasar da ke fama da tsadar abinci da miliyoyin yaran da ba sa zuwa makaranta ba ta da lokacin jirgin kwali. Maganarsu tana da nauyi, amma lissafinta bai cika ba. Babu ɓangaren ilimin fasaha da ya kai wannan araha. Samfuran roba na ƙasashen waje sun yi tsada tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, sai dai ba a buƙatarsu: kwali, katako mai taushi, gam, rula, reza da zanen da aka buga a takarda sun wadatar. Kuɗin tikiti da masauki na tawaga ɗaya zuwa baje-kolin jirage a Dubai ko Farnborough zai iya ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ɗalibai masu yawa na shekara guda. Kuma yaron da bai zama injiniyan jirgi ba bai yi asara ba, domin wanda ya iya karanta zane ya yi aiki da milimita zai fi takwarorinsa a walda, a kafinta, a gyaran inji da ɗinki.

Wasu kuma za su ce bai kamata a sa wa yara son kayan yaƙi ba, musamman yaran Arewa da ƙarar jirgin soja ta zame wa wasunsu abin firgita. Ba za a manta da Rann ba, inda jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure a Janairun 2017, ko Tudun Biri, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka masu Mauludi a Disamban 2023. Wannan ciwo na gaske ne. Amma rashin sanin jirgi bai taɓa kare kowa daga faɗowar bam ba. Al'ummar da 'ya'yanta suka fahimci abin da na'urar hangen jirgi ke iya gani da abin da ba ta iya gani ita ce za ta iya yin tambayoyi masu tsauri idan an yi kuskure, ita ce kuma za ta samar da masu tsara na'urorin da za su rage shi. Ilimin fiffike ɗaya ne, ko na jirgin yaƙi ne, ko na feshin gona, ko na kai jini asibitin karkara, kuma gasa mai hankali za ta buɗe wa dukkansu ƙofa.

Damuwa ta uku ita ce tsaro, kuma ita ce ta fi shafar Agege kai-tsaye. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta bayyana cewa ba a tayar da jirgi maras matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A unguwar da ke ƙarƙashin hanyar saukar jirage, tayar da kowane irin abu sama haɗari ne ga ɗaruruwan rayuka, babu mai hankalin da zai nemi sassauci a nan. Matsalar ita ce rashin fayyace iyaka. Matashi Bahaushe da ke ɗauke da abu mai siffar jirgin yaƙi a titin Legas yana iya faɗawa hannun jami'in da bai san bambancin samfurin ajiye a tebur da na'ura mai tashi ba, kuma kowa ya san irin zaton da ake saurin yi wa mai irin sunansa da shigarsa. Takardar sanarwa mai shafi ɗaya da ta bayyana cewa samfurin da ba shi da inji halal ne a ko'ina, mai tashi kuma sai a filin da aka amince da shi ƙarƙashin kulawar makaranta, za ta kare jirage ta kare yara.

A nan ne maganar ta dawo teburin ma'aikacin tarayya. Yaron Zangon Agege yana zaune tsakanin gwamnatoci biyu da kowacce ke ganin na ɗayar ne. A Legas aka haife shi, wataƙila a can aka haifi mahaifinsa, amma idan an zo tallafin karatu na 'yan asalin jiha sai a tambaye shi takardar shaidar asali. Jihar da kakansa ya baro kuwa ba ta san da shi ba, sai ya yi tafiyar kwana guda ya nemi mai unguwar da zai shaide shi a garin da bai taɓa kwana ba. Haka abin yake ga yaran Idi-Araba da Mile 12, da na Sabo a Ibadan da Shagamu. Gwamnatin da ba ta da uzurin cewa wannan yaro ba nata ba ne ita ce ta tarayya. In shirin gano masu baiwa ya bi ta hanyar kason jihohi kaɗai, to an rufe masa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa.

Abin da ake buƙata bai kai sabuwar hukuma ko sabon gini ba. Ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masana kimiyya suna nan a makarantun sakandare ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Ana iya ƙara musu rukunin ƙera samfurin jirgi mai matakai biyu: na farko kwafar jirgi sananne bisa ma'auni, a auna shi da rula a gaban kowa, na biyu ƙaga sabon tsari don warware matsalar da aka bayar, tare da zane da shafi ɗaya na hujja, da Turanci ko Hausa ko Yarbanci, sannan ɗalibi ya kare tsarinsa a gaban injiniyoyin AFIT da malaman Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya. Rajista ta kasance bisa inda yaro yake zaune, a kuma bar ƙofa a buɗe ga ɗaliban Islamiyya da yaran da ke koyon sana'a a gareji, waɗanda da yawansu ba sa cikin rajistar kowace sakandare.

Rundunar Sojan Sama tana da nata rabon, kuma ba zai ci mata komai ba. Tsofaffin jiragen da suka daina aiki suna jibge a sansanoni, rana da ruwa suna cin su. Rana ɗaya a kowane zangon karatu da za a bar ɗalibai su shiga sansanin Ikeja ko Kaduna ko Makurdi da tef ɗin awo da littafin zane, ƙarƙashin idon wani tsohon makanikin jirgi, ta fi lacca goma. Hukumar NASENI, wadda aka kafa tun 1992 domin irin wannan aiki, tana iya buga zanen jirage bisa ma'auni ta raba kyauta, ta kuma sa a yanka gaɓoɓin katako masu araha a cikin gida. Kwalejojin fasaha na jihar Legas, irin ta Agidingbi da ba ta da nisa da Agege, suna da bencin aiki da ke zaman banza ranar Asabar. Sarakunan Hausawan Legas da shugabannin kasuwanni kuwa sun san gidan kowane yaro mai irin wannan hannu, in an tambaye su.

Saura hadiman ministoci da na 'yan majalisa, waɗanda su ne ke fara ganin hoton a waya su kai wa maigida. A hannunsu zaɓi yake tsakanin shirya ziyarar ɗaukar hoto da rubuta takardar shawara mai sakin layi uku da za ta sa gasar cikin kasafin baɗi. Ta farko tana kawo yabon kwana biyu, ta biyu ba ta da armashi, ba kuma lalle a tuna da sunan wanda ya rubuta ta ba. Idan ma ziyarar ta zama dole, to a gayyaci injiniya ya zauna a ciki, a ajiye rula a kan tebur, a tambayi yaron dalilin kowace gaɓa, a rubuta amsarsa, a haɗa shi da makarantar da za ta bibiye shi bayan an kashe kyamara. Alƙawarin da ba shi da lambar fayil da jami'in da zai amsa tambaya a kansa, iska ce.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Najeriya ta ƙulla cinikin jiragen M-346 guda 24 daga Italiya, kuma babu laifi a sayi abin da tsaro ke buƙata yau. Amma waɗannan ma za su tsufa kamar yadda MiG-21 da Jaguar da Air Beetle suka tsufa, kuma wanda zai zauna a teburin yanke shawarar abin da zai gaje su yanzu haka yana aji biyu na ƙaramar sakandare, ko yana bakin wani gareji a Agege yana lanƙwasa gwangwani. Ko zai isa teburin da kundin farashin kamfanonin waje kaɗai, ko da zanen da ya fito daga kansa, ya danganta ga abin da masu riƙe da fayil a Abuja suka yi da shi tun yanzu.